Sabon Aksul, Wane Mai? Matsalar Da Ke Tsayar Da Motocin Kaya A Hanyoyin Adamawa

Kafin mota ta yi yawa a ƙasar Adamawa, kogin Binuwai shi ne babbar hanyar kaya. Idan damina ta yi nisa ruwa ya cika, jiragen ruwa na kamfanonin Turawa sukan hauro daga Lakwaja har gaɓar Jimeta, su sauke gishiri da yadi, su ɗauki gyaɗa da fatu da ƙaro. Wannan ciniki shi ya raya Jimeta har ta zama garin kasuwa, ita kuwa Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, ta ci gaba da zamanta na garin sarauta. Jiragen sun daɗe da daina zuwa. Abin da kogi yake ɗauka a dā, yanzu mota ce ke ɗaukarsa: shanu daga Mubi da Ngurore, doya da gyaɗa daga Ganye, sukari daga Numan, da kuma kayan da ke ƙetarawa Kamaru ta Fufore da Gurin.

Galibin motocin da ke wannan aiki da ƙafafun baya suke tafiya. A-kori-kura irin su Hilux, da bas-bas ƙirar Hiace, da Canter, da tsofaffin Peugeot 504 da suka ƙi mutuwa, dukkansu inji yana gaba, amma aksul na baya shi ke tura mota, shi kuma ke ɗauke da yawancin lodi. Saboda haka shi ne yakan riga sauran sassa gajiya. Idan ya gaji, ba safai mai mota yake samun sabo fil na kamfanin da ya ƙera motar ba. Abin da akan yi shi ne a sayo na hannu, wanda ake kira Beljiyam, daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Ikko, ko kasuwannin Anaca da Nnewi, ko kuwa a sayi sabbin haƙoran da wani kamfani dabam ya ƙera a ɗaura su cikin tsohon gida.

A nan ne matsalar take farawa. Mai mota ya kashe kuɗi masu yawa, makaniki ya yi yini guda yana ɗaure-ɗaure, sai a ƙarshe, lokacin da kowa ya gaji magariba ta kawo jiki, a aiki yaro ya sayo “man giya” ba tare da an faɗa masa wane iri ba. Abin da ya fi kowane abu araha a cikin aikin shi ne kuma yakan lalata aikin gaba ɗaya.

Abin Da Ke Cikin Tulun

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin a-kori-kura ta baya zai ga wani kumburi kamar tulu a tsakiyar aksul. Farfela, watau dogon sandan ƙarfen da ke kawo juyi daga giyabos, a jikin tulun nan take ƙarewa. A bakinta akwai wata ƙaramar giya da kanikawa ke kira finiyo, ita ce ke juya wani babban faifai mai haƙora, kambi ke nan. A tsakiyar kambin kuma akwai wasu ƙananan giyoyi waɗanda aikinsu shi ne su bar tayar waje ta fi ta ciki sauri idan mota tana shan kwana. Wani Bafaranshe, Onésiphore Pecqueur, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1827, tun kafin a san motar fetur.

Amma abin da ya sa man aksul ya fita dabam da sauran mai ya zo ne bayan shekara ɗari. Kamfanin Gleason na Amurka ya fito da wani sabon yankan haƙora da ake kira haifoyid, motocin Packard suka fara amfani da shi a 1926. A wannan tsari finiyo ba ta shiga kambi ta tsakiyarsa, an saukar da ita ƙasa kaɗan. Amfanin haka yana da yawa: farfela ta sauka, ƙasan mota ya sauka, haƙora sun ƙara ƙarfi, ƙara ta ragu. Sai dai akwai abin da aka biya. Haƙoran ba birgima kaɗai suke yi a kan juna ba, suna kuma goga juna kamar yadda ake wasa wuƙa a kan dutse, ga kuma nauyin mota da lodi yana danne su. A daidai ɗan wurin da haƙori ya taɓa haƙori, matsi da zafi sukan kai inda mai na yau da kullum ba zai iya tsayawa ba, sai ya matse ya gudu, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, su manne su yage.

Maganin da masu haɗa mai suka samo shi ne su zuba sinadarai masu farar wuta da fosfaras. Idan wuri ya yi zafi, sinadaran nan sukan kama fuskar ƙarfe su yi mata wata 'yar riga, sai gugar ta riƙa cin rigar maimakon ta ci haƙorin, rigar kuma tana sabuntuwa muddin sinadarin bai ƙare ba. Wannan farar wuta ita ce ke ba man aksul warin nan nasa mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ba ya fita daga riga da wanki ɗaya. Man da aka ce na aksul ne amma ba shi da wannan wari, ya kamata a yi shakkarsa.

Lambobi Biyu A Jikin Galan

A jikin kowane galan na ƙwarai akwai lambobi iri biyu, kuma ba abu ɗaya suke faɗi ba. Ta farko tana farawa da haruffan GL. Ƙungiyar masu harkar man fetur ta Amurka, API, ita ta tsara ta, kuma tana nuna ƙarfin wancan sinadari mai kare haƙora. Biyu ne ake yawan gani a kasuwa, GL-4 da GL-5. Na biyun yana ɗauke da kusan ninki biyu na sinadarin da ke cikin na farko, kuma shi ne aka yi domin haƙoran haifoyid masu ɗaukar nauyi. A taƙaice, aksul na baya a motocin zamani GL-5 yake so. Giyabos na hannu kuwa da yawansu GL-4 suke so, domin a cikinsu akwai zobba na jan ƙarfe da danginsa waɗanda ke daidaita gudu lokacin sauya giya, kuma man da ya cika ƙarfi yakan cinye su ko ya sa su santsi. Kalmar “man giya” ta haɗa su duka biyu, shi ya sa yaron da aka aika ba shi da laifi idan ya kawo wanda ba shi ba.

Lamba ta biyu ita ce ta kauri, wadda ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta tsara: 80W-90, ko 75W-90, ko 85W-140. Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda man yake gudana cikin sanyi, ta ƙarshe kuwa tana nuna kaurin da ya rage masa idan ya yi zafi. Ga mutumin Jamus ko Rasha ta farkon ita ce abin dubawa. Ga mutumin Yola, inda a watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, ta ƙarshen ce ta fi muhimmanci, domin ko hunturun Disamba bai kai ya daskarar da mai ba.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Mutane da yawa suna zaton man giya mai lamba 90 ya ninka man inji mai lamba 40 kauri, alhali kuwa ma'aunin biyu dabam ne, kuma kaurinsu ya yi kusa da juna. Idan aka ɗiga su a yatsa ba lalle a bambanta su ba. Wannan kamanni shi ke yaudarar wanda ya ce ai duk mai mai ne, ya juye ragowar man inji a cikin aksul. Motar za ta tashi ta yi tafiya lafiya, watakila har mako da makonni, amma rigar nan mai kare haƙora babu ita, kuma ranar da aka yi lodin buhuna aka kama hawa, ranar haƙoran za su fara gogewa.

To, 90 ko 140? Ga motar da ke ɗaukar fasinja ko kaya daidai ƙa'ida a kan kwalta, 80W-90 mai GL-5 ya wadatar, kuma shi ne yawancin masu ƙera irin waɗannan motoci suka rubuta. Ga wadda kullum take cikin lodi mai nauyi, tana tafiya a hankali a hanyar burji cikin zafin bazara, ko mai hawan tsaunin Mambila ta nufi Gembu, 85W-140 yana da hujja, domin ya fi riƙe kaurinsa idan tulu ya ɗauki zafi. Amma fa kauri ba magani ba ne. Mai mai kauri yana ɗan ƙara shan fetur, kuma idan an zuba shi ne don a rufe bakin aksul mai kuka, kukan ne zai ragu, cutar tana nan.

Darasin Peugeot

Tsofaffin kanikawan Jimeta, kamar takwarorinsu na ko'ina a Arewa, yawancinsu a kan Peugeot suka koyi sana'a. Kamfanin haɗa motocin ya fara aiki a Kaduna a 1975, kuma lokacin da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, 404 da 504 su ne motocin ma'aikata da na haya. Wannan makaranta ta bar darussa biyu, ɗaya mai amfani, ɗaya mai hatsari.

Mai amfanin ya fito ne daga 404 ƙirar salun. Aksul ɗinta ba haifoyid ba ne, wani sandan ƙarfe ne mai murɗe kamar dunƙulen igiya yake juya faifai na tagulla. Wannan faifai ba ya shiri da man da ya cika farar wuta, kuma kamfanin ya keɓe masa wani mai na musamman da ake haɗawa da man zurma, wanda ba a gauraya shi da man fetur. Makanikin da ya taɓa ganin faifan tagulla ya cinye saboda an zuba masa man da ba nasa ba, ba ya buƙatar a gaya masa cewa kowane aksul da abincinsa.

Mai hatsarin kuwa shi ne cewa giyabos na waɗannan motoci man inji ake zuba musu, kuma haka littafinsu ya ce. Yaron da ya ga maigidansa yana yin haka shekara da shekaru, idan ba a fayyace masa ba, sai ya ɗauka duk inda haƙora suke man inji ya isa. Ita kanta 504, wadda giyabos ɗinta ke shan man inji, aksul ɗinta haifoyid ne, man aksul na sosai yake so.

Littafin Mota Ya Daina Magana

Babban abin da ya kamata mai mota ya gane shi ne wannan: daga ranar da aka sauya aksul, littafin da ya zo da motar ya daina magana a kansa. Littafin ya san aksul ɗin da aka cire, bai san baƙon da aka ɗaura ba. Mai yiwuwa ne baƙon daga wata ƙirar ya fito, ko wata shekara, ko wata ƙasa mai sanyi. A Amurka, inda ake da kamfanonin da sana'arsu ke nan ƙera aksul na canji, da yawa bisa samfurin nan na Ford mai inci 9 da aka yi daga 1957 zuwa 1986, kowane aksul yakan zo da takardar da ta faɗi irin man da adadinsa. Wanda aka kwance daga matacciyar mota a Turai aka loda a kwantena, ba ya zuwa da komai sai tsatsa da alli. Dole a tambaye shi da hannu.

Tambaya ta farko ita ce ko aksul ɗin na yau da kullum ne ko kuwa mai kulle ne. Wasu motoci, musamman a-kori-kura da jif, an sa musu wasu faifan kuloci a cikin tulu, domin idan taya ɗaya ta faɗa taɓo tana juyawa a banza, ɗayar ta samu ƙarfin fitar da motar. Hanyar ganewa ba ta da wuya. A ɗaga tayoyin baya duka biyu, a juya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta juya baya-baya, na yau da kullum ne. Idan ta bi ta suka juya gefe ɗaya, mai kulle ne. Wani lokaci ma akan tarar da 'yar takarda manne a jikin tulun da haruffan LSD. Irin wannan yana son man da aka rubuta wa LS a jikin galan, ko kuma a ƙara masa 'yar kwalbar sinadarin da ke sa faifan su zame a hankali. In ba haka ba, duk sanda aka sha kwana a hankali sai a ji baya yana kakkarwa yana ƙara kamar ana jan kujera a kan siminti, faifan kuma suna cinyewa. Direban da bai san dalili ba yakan koma ya kama mai sayar da kaya da faɗa a kan ya sayar masa da ruɓaɓɓen aksul, alhali aksul ɗin ya fi wanda aka cire daraja.

Tambaya ta biyu ba ta mai ba ce, amma tun da mota tana kan jak gara a yi ta. Ita ce yawan juyin farfela a kan juyin taya. Kambi mai haƙora 41 da finiyo mai 10, alal misali, suna ba da 4.1, watau farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta juya sau ɗaya. Da alli ake aunawa: a aksul na yau da kullum a bar taya ɗaya a ƙasa, a juya ɗayar sau biyu cur, a ƙirga juyin farfela. A motar da ke ja da ƙafa huɗu, tilas lissafin baya ya yi daidai da na gaba, in ba haka ba da zarar an sa ƙafa huɗu sai gaba da baya su shiga jayayya, kuma babu man da zai sasanta su.

Abu na uku shi ne wanda ya fi kowanne sauƙi, ya kuma fi kowanne kashe aksul. Masu lodin kaya daga waje sukan tsiyaye man kafin su sa a kwantena, sababbin kuma a bushe suke zuwa. Ɗan maiƙon da ya rage a jikin haƙora yana iya kai mota daga gareji zuwa tashar Jambutu, har ma ta ƙetare gadar Jimeta ta wuce Girei ba a ji komai ba. Kafin a kai Song sai kuka ya tashi. Idan direba ya yi kunnen ƙashi, boris ɗin finiyo ya yi ja ya kama, tayoyin baya su daskare a tsakiyar gudu, ko kuwa boris ɗin gefe ya watse taya ta zaro da sandanta. Motar da ke ɗauke da mutum goma sha takwas ba ta da wurin yin wannan kuskure.

Yadda Ake Zubawa

Aikin ba ya cin rabin sa'a, amma kowane mataki da dalilinsa. Da fari dai mota ta tsaya a wuri mai daidai, a kan tayoyinta ko a kan rami. Wannan yana da wuya a garejin da ke bakin titi inda ƙasa ta karkata zuwa kwata, ko inda aka ɗaga gefe ɗaya da jak aka tokare da dutse. Ramin zubawa shi ne ma'auni, kuma idan mota ta karkace ma'aunin ya yi ƙarya.

Tulun yana da murfi biyu, na zubawa a gefe ko a baya wajen tsakiya, da na tsiyayewa a ƙasa. Makaniki mai hankali na sama yake fara kwancewa. Wanda ya fara da na ƙasa, ya zubar da mai, sannan ya tarar na sama ya ci tsatsa ya ƙi motsi, ya bar mota ba mai ba kuma hanyar zubawa. Idan tsohon mai ake cirewa, an fi so a yi bayan 'yar tafiya, lokacin da yake da ɗumi, don ya fito da dattinsa. A bakin murfin ƙasa akwai mayen ƙarfe, kuma ya kamata mai mota ya ce a nuna masa. Baƙin gari mai laushi kamar kwalli ba abin damuwa ba ne, cin yau da gobe ne. Ɓarɓashi mai kaifi da ake ji a yatsa, ko guntun haƙori, wannan labari ne dabam, kuma gara a ji shi kafin a biya mai kaya.

Daga nan a goge murfin, a sa masa sabon wanki, a ɗaure, sannan a tura mai ta ramin sama da famfon hannu ko gora mai tiyo, a hankali, har ya fara dawowa ta bakin ramin. A dakata ya daina zuba, sannan a rufe. Ƙananan motoci da a-kori-kura sukan sha tsakanin lita ɗaya da rabi zuwa uku, manyan motoci kuwa sun fi haka nesa. Tiyon da gorar su kasance masu tsabta, domin a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, mazurarin da ya kwana a ƙasa yashi yake zubawa tare da mai.

Wasu suna ganin ƙari alheri ne, sai su karkata mota su cika tulu maƙil. Man da ya yi yawa kambi yakan kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce, ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Sannan zafi ya ƙaru, man ya nemi mafita ta robobin gefe, ya sauka a kan birki. Birkin da ya sha mai ba ya kamawa, ko kuma ya kama gefe ɗaya ya fizgi mota. Ƙarancin mai kuma boris ɗin finiyo yake fara kashewa, domin shi ba a cikin mai yake zaune ba, abin da kambi ya watso masa da shi yake rayuwa. Wannan ya shafi masu ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki lodi: idan ɗagawar ta sa hancin tulu ya kalli sama, man yakan taru a baya, boris na gaba ya zauna da ƙishi.

A manyan motoci irin su Canter, inda boris ɗin ƙafa ma daga tulu yake samun mai a wasu ƙirar, akwai ƙarin mataki. Bayan an cika, a ɗaga gefe ɗaya na 'yan mintoci don mai ya gangara zuwa ɗaya ƙafar, a sauke a ɗaga ɗayan, sannan a daidaita mota a sake dubawa, za a tarar ya sauka.

Idan kuwa sababbin haƙora aka ɗaura, suna buƙatar reno. Kada a fita da su da cikakken lodi ranar farko. A yi tafiyar kilomita 25 ko 30, a tsaya su huce, a maimaita haka sau biyu ko uku, sannan bayan kimanin kilomita 800 a zubar da man farko a sa sabo, domin a cikinsa ne duk garin ƙarfen da haƙora suka zubar wajen sabawa da juna yake. Direban haya da ya yi kwana uku ba aiki ba ya son jin wannan magana, amma tafiya biyu ce zuwa Mubi da dawowa.

Zafi Da Ruwa

Ƙasar Adamawa tana gwada mai ta fuska biyu. A bazara zafi ne. Masana sun daɗe da lura cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin mai yana ninka saurin lalacewarsa, ga shi kuwa tulun da ke aiki sosai yakan kai digiri 80 ko 90 ko da lafiyarsa ƙalau. Saboda haka taɓawa da hannu ba ta nuna komai, lafiyayye ma yana ƙuna. Amma idan aka ɗiga ruwa a jikinsa ya yi cuu ya tashi, to a tsaya.

A damina kuwa ruwa ne. Wanda ya ji Fulatanci ya san “mayo” kogi ne, kuma sunaye irin su Mayo Belwa da Mayo Ine suna faɗin irin ƙasar da mota za ta ratsa. Banda rafukan da ake ƙetarewa a hanyoyin ƙauye, ga ambaliya irin ta 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982, Binuwai ya haura gonaki da unguwanni da hanyoyi. A saman kowane aksul akwai wani ɗan hanci da yake shaƙar iska da shi. Idan tulu mai zafi ya faɗa ruwa mai sanyi, iskar cikinsa takan tsuke nan take, sai ya zuƙo ruwa ta hancin ko ta robobin gefe. Man da ya sha ruwa yakan koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ya daina aiki, boris su yi tsatsa. Don haka motar da ta ratsa ruwan da ya rufe aksul, a buɗe murfin sama a duba a ranar, ba sai lokacin juye ya yi ba. Wasu direbobin ƙauye sukan sa wa hancin dogon tiyo su ɗaure shi can sama a jikin shasi, kuma dabara ce mai kyau. Hancin da laka ta toshe shi ma yana sa robobi yoyo, tsinke da ɗan fetur sun isa gyara shi.

A nan ne ake gane amsar muhawarar da ake yi tsakanin man gargajiya da na haɗi, wanda ake kira sintetik. Na haɗi ya fi jure zafi ya fi daɗewa, kuma ga motar da ke bin kwalta daga Yola zuwa Gombe ya cancanci kuɗinsa. Amma ruwa bai san tsada ba. Mai ratsa rafi kowace ranar kasuwa, ya fi masa ya sayi na gargajiya mai kyau ya riƙa sauyawa a kai a kai. A aikin yau da kullum kilomita dubu 40 ko 50 ne akan ɗiba tsakanin juye da juye, amma ga motar lodi a wannan yanki, a duba da shigowar bazara, a sake dubawa da ɗaukewar damina.

Saura batun inda ake sayen man. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, Naira kuma ta faɗi, kuɗin kowane irin mai ya tashi, masu mota da yawa suka koma ga na awo, wanda ake ɗurawa a gorar ruwa a bakin titi. Ba duka ne na banza ba, amma gora ba ta da lamba. Wani tsagwaron ɗanyen mai ne da ba a sa masa sinadari ko ɗaya ba, wani kuma tsohon man inji ne aka tace. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kama jabun mai har a cikin galan masu tambarin manyan kamfanoni, don haka ko galan ɗin ma a duba hatiminsa, a kuma saya a gidan mai ko wurin dilan da aka sani. Masu sayen aksul na hannu su ma su lura da wanda ya zo cike da mai mai kauri kamar kwalta, domin cusa giris ko garin katako a tulu don a ɓoye kuka tsohuwar dabara ce da aka sani a ƙasashe da yawa. Ko mene ne aka tarar a ciki, a zubar da shi a cikin mazubi, kada a kwata, tun da kwatocin Jimeta a Binuwai suke ƙarewa.

Kuɗin lita uku na mai na ƙwarai bai kai ko kusa da kuɗin aksul ba, balle a haɗa da na jan mota daga Gombi da na kwanakin da za ta yi a gareji. Mai motar da ba zai iya tsayawa a kan aikin ba, ya sayo man da kansa, ya karanta lambobin biyu, ya ce wa makaniki ya ajiye masa galan ɗin da murfin ƙasa ya gani idan ya dawo. Sannan a rubuta irin man da kilomitar ranar a jikin tulun da fenti, don makaniki na gaba, a Mubi ne ko a Ganye, ya tarar da abin karantawa.